Amsa Ga Malamin Da Ya Ke Neman Manhajar Haɗa Hotuna

A cikin takardun da suka iso hannuna makon nan akwai ta wani malamin makaranta daga ƙasar Katsina, wadda na ga ya kamata in amsa ta a fili, gama na tabbata ba shi kaɗai ke cikin wannan damuwa ba. Ya ce shugaban makarantarsu zai ajiye aiki ƙarshen wannan zango, malamai kuwa sun yi shawara su tara hotunansa tun daga shekarar da ya fara koyarwa har zuwa yau, wajen guda 30, a jera su a babbar takarda guda, a rubuta bayani da Hausa ƙarƙashin kowanne, a buga, a sa a gilashi, a miƙa masa ran bikin ban kwana. An ɗora masa aikin don shi ke da kwamfutar hannu, irin mai faɗin nan da ta yi kama da allo. Da ya shiga kasuwar manhajoji sai ya tarar masu haɗa hotuna sun fi gaban ƙidaya, kowace tana cewa ita ce gwana, kuma wai kyauta ce. Saura mako uku a yi biki. Ya roƙe ni in faɗa masa sunan wadda ta fi.

Malam, na gode da takardarka, Allah ya saka da alheri. Sunaye kam zan faɗa maka, amma ka yi mini haƙuri in fara ba ka labarin abin da ya same ni, domin da shi za ka fi gane dalilin shawarata.

Shekara biyu ke nan aka yi bikin 'yar yayana, aka ce ni zan shirya kalandar da za a raba wa mahalarta. Na sami wata manhaja, ba zan ambaci sunanta ba, na kwana biyu ina jera hotuna, ina sa furanni a gefe. A fuskar allon abin ya yi kyau ƙwarai, har na zaga da shi cikin gida ina nuna wa mata, suna ta sa albarka. Na aika wa mai maɗaba'a ta WhatsApp, na ce ya buga 200, ban nemi ya nuna mini gwaji ba don gaggawa. Ran jajibere aka kawo. Fuskar amarya ta yi dishi-dishi kamar an ɗauke ta cikin hazo, ga sunan manhajar nan zaune a kusurwa, ya fi sunan ango fitowa. Abin da ya fi ba ni kunya kuwa shi ne addu'ar da na rubuta a ƙasa, cewa Allah ya ƙara danƙon zumunci. Duk inda harafin ƙ ya ke sai wani ɗan akwati fanko ya tsaya a gurbinsa. Haka aka raba ta, don babu lokacin sakewa. Har yau akwai gidajen dangi da in na shiga na gan ta rataye a bango sai in kau da kai.

To, laifin nawa ne, gama na zaɓi manhaja saboda adon da ta nuna mini, ban tambayi abin da za ta ba ni in na gama ba. Shawarata gare ka ita ce, kada ka yi wa kowace manhaja aikin awa guda sai ka jarraba ta tukuna da hoto biyu da layi ɗaya na rubutu, ka fitar da shi, ka kai an buga maka a takarda ka gani da idonka. Wannan ba zai ci maka fiye da yini guda ba.

Abu na farko da za ka duba shi ne yawan ɗigo. Kowane hoto na kwamfuta ɗigo-ɗigo ne ƙanana aka jera, kamar yadda masaƙi ke jera zare. Masu ɗab'i kuwa ƙa'idarsu ita ce ɗigo 300 a kowane inci in ana son hoto ya fito sarai a hannu. Takardar ofis da mu ke kira A4 tana bukatar ɗigo 2480 a faɗi, 3508 a tsawo. Wadda ta ninka ta, watau A3, irin da za ku so ku sa a gilashi, tana bukatar 3508 a faɗi, 4961 a tsawo. Alhali kuwa da yawa daga cikin manhajojin nan an yi su ne domin hoton da za a sa a Instagram ko Facebook, inda aka saba da ɗigo 1080 a kowane gefe. Ka yi lissafi da kanka, Malam, kai da ka ke koya wa yara: ɗigo 1080 a kan ƙa'idar 300 wajen santimita 9 ne kaɗai, watau kamar tafin hannu. In aka ja shi ya cika faɗin A3, kowane inci zai sami ɗigo wajen 92 kaɗai, bai kai sulusin abin da a ke bukata ba. Hazon da ya rufe fuskar amaryarmu ke nan. Saboda haka manhajar da ba ta bar ka ka faɗi girman takardarka da kanka tun farko ba, ka bar ta, kome kyawun furanninta.

Wani abu kuma da ke haɗe da wannan: WhatsApp yakan matse hoto ya rage masa ɗigo in an aika shi a matsayin hoto. Tun 2023 sun ƙara wani maɓalli na aikawa da inganci, amma hanyar da ta fi aminci ita ce a aika shi a matsayin takarda, ko ka ɗauki allonka ka tafi maɗaba'ar da ƙafarka. Haka kuma ka gaya wa malaman da za su turo maka hotuna. Tsofaffin hotunan takarda kuwa, ka ɗauke su da rana a inuwa, kusa da taga, ba da fitilar kyamara ba, don kada ƙyalli ya ci fuska.

Na biyu shi ne haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, kuma a nan na ke so ka fi tsayawa, domin ba za ka sami mai yi maka wannan gargaɗi cikin masu tallan manhajojin ba. Kowace manhaja tana da salon rubutu iri-iri, wani mai kauri, wani mai kama da rubutun hannu. Waɗanda suka zana yawancinsu ba su san da Hausa ba, ba su zana waɗannan haruffa ba. In ka rubuta ƙ, ko dai akwati ya fito, ko kuwa manhajar ta aro harafin daga wani salo dabam, ya tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙo a cikin sahu. Wani lokaci ma a fuskar allo sai ka gan shi daidai, sai an fitar da aikin sa'an nan ya ɓace. Na san abin da mutane kan yi in sun gaji, sai su sa k ko d mara lanƙwasa su wuce. A saƙon waya wannan ba kome, amma a takardar girmama malamin da ya yi shekaru yana jan kunnen yara a kan ƙa'idar rubutu, ina! Ka duba, in kuka so ku ce ya yi wa ƙasa hidima, aka buga ya yi wa kasa hidima, kun mai da shi bawan maciji, kuma a gaban ɗalibansa za a karanta. Sai ka sa allon rubutu na Hausa, Gboard yana da shi, ka rubuta "ɗalibai sun ɓoye ƙararrawa" a cikin salon da ka ke so, ka fitar ka duba. Salon da a ke kira Noto, wanda Google ya sa aka yi don ya ƙunshi haruffan harsunan duniya, yana da su duka, haka kuma Andika da Charis. Ba su da ƙawa sosai, amma ba za su kunyata ka ba. In kuna son layi guda da ajami, shi ma ka jarraba, gama akwai manhajar da kan rarraba haruffan ta jera su daga hagu.

Na uku, kalmar nan "kyauta". Wanda ya yi manhaja yana da ma'aikata da zai biya, tilas ya nemi kuɗinsa ta wata ƙofa. Wata takan buga tambarinta a kan aikinka, sai ka biya ta cire. Wata takan cika ka da talla, tallan kuma datarka ya ke ci. Wata takan ce ka ɗanɗana kwana uku ko bakwai ba biya, amma ka ba da lambar katin banki tukuna, in kwanakin suka cika ba ka soke ba sai a cire kuɗin wata ko ma na shekara. Ka lura da wannan ƙwarai: goge manhaja daga allonka ba ya soke yarjejeniyar. Sai ka shiga Play Store, ko App Store in iPad gare ka, ka nemi wurin biyan kuɗi ka soke da hannunka.

Yanzu ga sunayen. Google Photos, wadda ta fito a 2015, tana cikin yawancin allunan Android tun daga kanti, tana kuwa haɗa hotuna ba tare da tambari ba. Amma sa'ad da aka sake mata fasali a 2022 hoto shida aka ƙayyade a shafi guda, saboda haka ba za ta ɗauki talatin ɗinka ba. PicCollage da Picsart, dukansu na 2011, ta farko daga Taiwan, ta biyu asalinta daga Armeniya, suna da sauƙin sarrafawa da yatsa, suna da ado mai yawa, sun dace da gaisuwar salla da ta suna da za a aika ta waya, sai dai mafi kyawun kayansu na masu biya ne. Snapseed, wadda Google ya saya a 2012, aikinta gyaran haske da launi na hoto ɗaya-ɗaya, ba ta talla, ba ta kuma bukatar intanet. Da ita na ke so ka fara, ka farfaɗo da tsofaffin hotunan nan da suka koɗe kafin ka jera su.

Jerawar kuwa, in ni ne, Canva zan ɗauka, wadda mutanen Ostireliya suka fitar a 2013. Dalilina shi ne tana barin mutum ya rubuta girman takardarsa da milimita, 297 da 420 domin A3, ya sa hotuna iya yawan da ya ke so, ya fitar da aikin a PDF na ɗab'i, duk ba da biya ba, muddin bai taɓa kayan da aka yi wa alamar kambi ba. Amma ita ma da nata. Tana son intanet mai ƙarfi, in garinku sabis na yankewa za ka sha jira. Kuma hotunan da ka sa suna tafiya rumbunsu ne a wata ƙasa. A watan Mayu na 2019 ɓarayin intanet sun kutsa musu, suka kwashi sunaye da adireshin imel na mutane wajen miliyan 139. Don haka kada ka buɗe ta da kalmar sirrin da ka ke amfani da ita a wani wuri.

Wannan ya kawo ni ga yaran da ke cikin hotunan. Hoton shugaba da ɗalibai mata na aji shida amana ce ta iyayensu, ba taka ba. In manhaja ta nemi izinin ganin dukan hotunan da ke cikin allonka, ka duba, sababbin alluna suna da zaɓin a nuna mata waɗanda ka ware kaɗai, iPad tun 2020, Android kuwa tun 2023. In ta nemi lambobin mutanenka ko inda ka ke, ka hana ta, jera hoto ba ya bukatar wannan. In kun gama kuma, kada wani ya ɗora takardar a Facebook sai an shawarci shugaban da iyayen.

Wata 'yar shawara da ba ka tambaya ba. Hoto 30 a A3 ya yi yawa, kowanne zai zama kamar kan sarki, dattijo kuwa idonsa ba na da ba ne. Ka zaɓi 12 ko 15, ka sa na ranar da ya fara aiki babba a tsakiya, sauran su kewaye shi bi da bi bisa shekaru. Na san za a yi gunaguni, kowane malami yana son wanda ya fito a ciki. Ka ce da su ni na ce.

Mako uku ya isa. Makon farko ka tara hotuna ka yi gwajin nan, na biyu ka jera, ka ba malamin Hausa ya duba rubutun, na uku ka kai maɗaba'a ka tsaya a buga guda ɗaya a gabanka kafin a sa gilashi. In an yi biki ka rubuto mini yadda aka ƙare. Akwai takardu biyu kan cajin waya da hasken rana, su zan amsa mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wasalam.