Lanho ya dubi rumbu, ya bar ƙirga kawuna

Ranar da muka koma makaranta bayan hutun Disamba, na kira sunaye a aji shida, yara uku ba su amsa ba. Ɗaya daga cikinsu, wanda na fi sa rai zai ci jarrabawa, an ce ya bi yayansa Kano sayar da ruwa. Da yamma na je gidansu. Uban bai ja zance ba. Ya kai ni bakin rumbu ya ce, "Malam, leƙa." Sannan ya ɗauko takardar lanho. Mutum takwas ne a kanta: biyu suna cin rani, ɗaya kuwa tsohuwa ce da aka binne tun bara waccan.

Abokaina ma'aikata sukan ce, mene ne dala 140 a shekara, ko buhun gawayi ba ta saya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dala 140 sau takwas, jika biyar ke nan da dala 120, kuma ana neman su ne da kaka, lokacin da tiyar hatsi ta fi arha. Manomi ya sussuke damin da zai ci da bazara ya sayar, in damina ta faɗi ya sake sayen hatsin nan da tsada, wani lokaci da bashi. A nan Dogo-Dogo akwai ƙari: yawancin abin da yaranmu ke samowa daga cin rani da kasuwar Maigatari naira ce, lanho kuwa sefa yake so, ga naira ta zube tun 2023.

Mu malamai, harajinmu daga albashi ake cire shi, mai ƙaramin albashi ya biya kaɗan, mai babba ya biya da yawa. To me ya sa manomi kaɗai ake ƙirga wa kai? Mai dami 200 da gwauruwar da ta ɗaure dami 15 kuɗi ɗaya suke biya. Wannan lissafi ko ɗan aji uku ba zai yarda da shi ba.

Na san amsar da za a ba ni: in babu lanho, da me ƙaramar hukuma za ta gyara rijiya, ta gina aji? Gaskiya ne, shi ya sa ban ce a soke ba. Amma sauƙaƙawa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Bayan fari da yunwar 1973 zuwa 1974, gwamnatin Seyni Kountché ta ɗauke wa talaka harajin kai na gwamnati, Nijar kuma ba ta rushe ba.

Abu huɗu nake roƙo. A sabunta rajista kowace shekara a gaban mai gari da liman, a cire matattu da tsofaffi. A shekarar fari, ko ambaliya irin ta 2024, ƙauyen da ma'aikatan gona suka tabbatar bai samu abinci ba a yafe masa, ko a rage rabi. A raba biya kashi biyu, kada a tilasta wa kowa sayar da hatsi da kaka. Sannan a liƙa lissafin abin da aka tara da abin da aka yi da shi a bakin kasuwa, da Hausa, boko da ajami.

Iyaye, kuna zuwa taron makaranta a kan kuɗin alli da zana. Ku zo da maganar lanho ma, mu rubuta takarda ɗaya, mu sa hannu, mu kai inda ya kamata kafin kaka mai zuwa. Ni zan rubuta ta. Benci na biyu kusa da taga har yau babu kowa a kansa, kuma ban soke sunan yaron daga rajistata ba.