ZAUREN ƘANNENA: Tsibirin Da Ke Zaune Kan Wuta

  

Cikin wasiƙun wannan wata akwai ta wata ɗaliba daga Shagari. Ga abin da ta ce: "Anti, don Allah gaskiya na akwai tsibiri mai dutsen da ka aman wuta, irin wanda kika kai amarya da ango a littafinki? Saurayina ya ce in na aje karatu anka ɗaura muna aure bana, can za ya kai ni yawon amarci cikin jirgin ruwa. Ina aji biyar."

To ƙanwata, akwai shi ƙwarai, kuma ba ma nesa da mu ba. A cikin teku, kudu da Kalaba, akwai tsibirin Biyoko na ƙasar Ikwatoriyal Gini, wanda a da ake kira Fanando Po. Dutsensa mai suna Basile ya haura mita 3,000, rabonsa da aman wuta tun 1923. A kudancin tsibirin, ruwan saman da ke sauka a shekara ya kai mita 10, mu nan ko mita ɗaya ba ma samu. Ko'ina kore shar, ga koko, ga ayaba, ga kunkurun teku na fitowa bakin gaɓa da dare suna yin ƙwai.

Shi kuwa jirgin shaƙatawa, kada ki auna shi da kwale-kwalen masunta na madatsar ruwan Shagari. Gari ne sukutum a kan ruwa, hawa kan hawa, da ɗakunan kwana, da wuraren cin abinci, da kantuna, har da ɗakin shan magani. Wani kan kwashi mutum fiye da 5,000. Da dare yana tafiya, da safe ki buɗe taga ki ga tsibiri ya tsaya a gabanki, kan dutsen ya shige cikin gajimare. A sauka a yi yawo, kafin magariba kowa ya dawo, wanda ya makara kuwa sai dai ya hangi bayan jirgi. Manyansu sun fi zirga-zirga a tekun Karibiyan, can kusa da Amurka.

Kin san sirrin kyan waɗannan tsibirai? Wutar ce. Narkakken dutse ne ya ɓullo daga ƙarƙashin teku, ya daskare, ya yi ta taruwa har ya zama tudu. Tokar da yake fesowa kuma ita ke zama taki, shi ya sa ake shuka komai ya yi. Hatta yashin bakin ruwa a wasu wuraren baƙi ne wuluk.

Amma fa ranar da dutsen ya farka, babu wasa. A ranar 8 ga Mayu, 1902, dutsen Fele na tsibirin Martinik ya shafe birnin San Fiyer cikin 'yan mintoci. Kimanin mutum 28,000 suka rasu, har jiragen da ke tsaye a tashar ruwa suka kama da wuta. Kwanaki dutsen ya yi yana hayaƙi da zubar da toka, sai dai ba a fahimci abin da ke tafe ba.

Yanzu ki duba maƙwabcinsa, tsibirin San Binsen. Nasu dutsen ya fashe a ranar 9 ga Afrilu, 2021. Toka ta rufe gari, rana ta koma kamar dare, amma an riga an fara kwashe dubban mutane tun ana gobe, har jiragen shaƙatawa aka turo don taimakon kwasar jama'a. Me ya bambanta su da mutanen Martinik? Bayan ikon Allah, ilimi ne. Masana sun shafe watanni suna auna girgizar dutsen da na'urori. Kuma kin san wa ke shugabantar cibiyar masanan a lokacin? Mace ce 'yar uwarki, Dakta Erouscilla Joseph. Ita ma wata rana ta zauna a aji kamar naki.

Saboda haka ƙanwata, ba na hana ki aure ba ne, aure ai sunna ne. Amma ki lura, shi ya ɗora alkawarinsa a kan ki bar makaranta. Tafiyar jirgi mako ɗaya ce ko biyu, karatun da kika aje kuwa zai yi wuya ya dawo. Wannan tafiya tana son fasfo, da biza, da kuɗin jirgin sama zuwa inda za a hau na ruwan. Ki tambaye shi cikin ladabi, wanne ya tanada? Kada romon baka ya raba ki da jarrabawar da saura shekara guda ki zauna mata.

Ki sanar da Inna da Baba duk yadda kuka yi. In da gaske yana sonki zai jira, mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Tsibirin nan ba gudu zai yi ba, kuma ranar da Allah Ya kai ki, gara ki je kina iya karanta taswira da kanki.

Sauran ƙannena, ina jiran wasiƙunku. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum, Antinku ta Boɗinga.