Sanarwar Bayan Taron Gaggawa Kan Barazanar Ambaliya da Zaftarewar Ƙasa a Yawunde

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Ƙungiyarmu ta mazauna unguwar Briqueterie, wadda ta haɗa masu unguwanni, limamai, 'yan kasuwa, mata da matasa, ta yi zaman gaggawa ranar Lahadi bayan sallar La'asar. Dalilin zaman shi ne ruwan sama mai ƙarfi da ake sa ran saukarsa a kwanakin nan, kasancewar mun shiga babbar damina, wadda kan kai har watan Nuwamba.

Abubuwan da taro ya lura da su

Yawunde gari ne na tuddai da kwaruruka. Idan ƙasa ta sha ruwa kwana da kwanaki, gangaren da aka sare itatuwansa ko aka yanke gindinsa don gini ba ya iya riƙe kansa. A ƙasa kuma kwatoci sun cika da leda da robobi, ruwa ya rasa hanyar zuwa kogin Mfoundi, sai ya juyo cikin ɗakuna da shaguna.

Taro ya tuna da Mbankolo, maƙwabtanmu a ƙaramar hukumar Yawunde ta Biyu, inda ranar 8 ga Oktoba 2023 bangon wani tafki ya ɓalle bayan mamakon ruwa, laka ta binne gidaje, kusan mutum 30 suka rasu. Haka nan a Gouache da ke Bafusam, a Oktoban 2019, sama da mutum 40 ƙasa ta rufta wa cikin dare. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Matsayar da aka cimma

1. Duk mai kwana a gindin gangare ko bakin rafi ya kwashe iyalinsa zuwa wajen dangi tun kafin hadari ya haɗu. Kada a jira dare.

2. Kowa ya san alamomin zaftarewa: sabuwar tsaga a bango ko daɓe, ƙofar da ta daina rufuwa ba dalili, itace ko turken lantarki da ya karkata, ruwa mai laka da ya fara tsattsafowa daga jikin tudu. Wanda ya ga ɗaya daga ciki ya fita nan take, ya tashi maƙwabta, kada ya koma ɗaukar kaya.

3. Ranar Asabar matasa za su fito aikin gayya na yashe kwatoci. An hana zuba shara a magudanar ruwa.

4. Limamai su sanar da jama'a bayan kowace salla. Za a buɗe makarantun Islamiyya da ke kan tudu domin masu neman mafaka, tsofaffi da masu ciki da yara a gaba.

5. 'Yan acaɓa su daina kutsawa cikin ruwa mai gudu. Iyaye su tsare yara a gida.

6. In abu ya faru, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 118.

Kira ga hukuma

Muna roƙon hukumar birni ta kwashe sharar da za a tono, ta kuma samar wa masu zama a wuraren haɗari matsuguni kafin a tashe su. Hasashen hukumar lura da sauyin yanayi ta ONACC a riƙa yaɗa shi a rediyo da Hausa da Fulatanci.

'Yan'uwa, tawakkali ba ya hana ɗaukar mataki. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga sharrinta. Amin.

Sa hannu:
Shugaba
Sakatare