Fenti ba ya gyara birki: jan hankali ga masu sayar da mota a Damana da Filinge

Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, motocin gwanjo da ke shigowa daga tashar ruwan Kwatano ta Gaya suka yi wuya, hanyar Lome ta Burkina Faso kuma ga nisa ga tsada. Wannan ya sa tsohuwar motar gida ta yi daraja, har wadda ta shekara a jingine a Damana ana kakkaɓe mata ƙura a kai ta kasuwa.

Sayarwar ba laifi ba ce, yadda ake shirya motar ne abin dubawa. Wasu sukan cike tsatsa su bi da fenti, su zuba baƙin mai mai kauri don injin ya rage ƙara, su mayar da lambar kilomita baya. Birki, tayoyi da lagireto kuwa ko oho.

A Yamai, wanda motarsa ta mutu zai kira makaniki. A hanyar Baleyara zuwa Filinge kuwa, inda rashin tsaro ya sa kowa ke son isa gida kafin magariba, motar da ta tsaya a daji rayuka ta jefa cikin haɗari. Da yawan masu sayen ma 'yan ci-rani ne da ke Libiya, Abijan ko Legas, waɗanda ke turo guminsu don ƙanensu ya samu motar haya. A waya suke ganin hotonta, hoto kuwa ba ya nuna ciwon injin.

Shirin gaskiya a fili yake. A kai ta gareji a duba birki da giya, a sauya mai, a wanke ta tas, a faɗa wa mai saye aibin da ya rage, kamar yadda Musulunci ya wajabta. Takardun duwan da inshora su cika, a kuma sauya sunan da ke takardar mallaka. Wanda ya bar sunansa a kan motar da ya sayar, shi jami'an tsaro za su fara nema idan aka yi ɓarna da ita.

Mai faɗin gaskiya zai iya rasa 'yan jikkuna a ciniki. Amma a ƙasar Kurfai kowa ya san gidan kowa, kuma dillalin da ya cuci mutum ɗaya ya rasa dangi guda. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.