MASU HANA YARA KARATUN LAUYA SU JI TSORON ALLAH

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a majalisun Birnin Kebbi da zaurukan Argungu, ana faɗinta da muryar masu tsoron Allah, alhali babu komai a cikinta sai cutar da raunana. Maganar ita ce wai ɗan kirki ba ya karatun lauya, wai lauya maƙaryaci ne da ake biya ya mai da fari baƙi, wai duk wanda ya sa baƙar riga da hular gashi ya zama bawan dokar Nasara. Da wannan magana aka karya gwiwar yara masu kaifin basira, aka tura su fannin da ba sa so, wasu ma aka zaunar da su a gida. Masu wannan fatawa ta bakin titi suna ganin addini suke karewa. To, a tsaya a duba wa ke kwana a ciki.

A ɗauki misalin manomi a fadamar Argungu, wanda ya sayi gonar shinkafa a gaban shaidu, ya shekara talatin yana nomanta, sai wani mai hali ya taso da takarda ya ce tasa ce. Alƙalin kotun Shari'a ya saurari shaidu, ya ba manomi gaskiyarsa. Mai hali ya ɗaukaka ƙara. Daga nan labari ya sha bamban. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amura irin su aure, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi, kuma manyan kotuna sun sha yanke hukunci cewa rikicin mallakar ƙasa wanda ba na gado ba, ba ya cikin huruminta. Ke nan ƙarar manomin nan Babbar Kotu za ta nufa, daga can sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya da ke Sakkwato, daga can sai Kotun Ƙoli a Abuja. A duk waɗannan wurare da Turanci ake magana, da Turanci ake rubuta takardu, kuma babu mai tsaya wa wani sai lauya. Ina mai fatawa a ranar? Yana majalisarsa yana shan shayi, manomi kuwa yana sayar da bijiminsa don ya ɗauko lauyan da bai taɓa taka fadama ba.

Kuma wannan ba abu ne da ya faɗo daga sama ba. Bayan Turawan mulkin mallaka sun ci Sakkwato a 1903 sun bar alƙalai a kan buzayensu, amma suka ɗora nasu kotunan a bisa kansu. A 1960 aka kawo sabon kundin hukunta laifuffuka na Jihar Arewa, aka raba alƙalai da hukuncin fiƙihu a wannan fage. A 1978 wakilai Musulmi suka fice daga zauren tsara tsarin mulki a kan neman Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Tarayya, kuma ba a samu ba. A 2000 jama'ar Jihar Kebbi suka yi dafifi suna murnar ƙaddamar da Shari'a, amma murnar ba ta sauya ko harafi ɗaya daga tsarin mulki ba. Hatta ƙarar gado da ta bi ta hannun ƙadi, sashe na 244 ya ba da damar a wuce da ita Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya.

To su wa ke zama a can saman? Sashe na 288 ya ce a riƙa lura da sanya masana Shari'ar Musulunci a Kotun Ƙoli da Kotun Ɗaukaka Ƙara, amma ya gindaya sharaɗi: sai mutum ya zama lauya na aƙalla shekara 15 kafin ta farko, shekara 12 kafin ta biyu, sannan yana da shaidar karatun Shari'a daga makarantar da aka amince da ita. Wato ko malami ya haddace Muhtasar da Tuhfa daga bango zuwa bango, muddin ba shi da digirin lauya, wannan ƙofa a rufe take gare shi. Amfanin samun masana a can kuwa an gan shi a 1998, lokacin da Kotun Ƙoli, a shari'ar Alkamawa da Bello wadda ta taso daga Sakkwato a kan haƙƙin shuf'a, ta bayyana cewa Shari'ar Musulunci ba dokar gargajiya ba ce. Mai Shari'a Bashir Wali ne ya rubuta hukuncin. Da iyayensa sun saurari masu fatawar bakin titi, wa zai rubuta?

Su kuma masu cewa aikin lauya haramun ne, daga wane littafi suka ɗauko? Wakilci a gaban alƙali abu ne sananne a fiƙihun Malikiyya, kuma Tuhfatul Hukkam da alƙalan ƙasar nan ke aiki da ita tana da babi guda a kan wakala. Abin da aka haramta shi ne tsaya wa ƙarya da gangan, kuma wannan haramun ne a kan lauya kamar yadda tauye mudu yake haramun a kan ɗan kasuwa. An taɓa rufe kasuwar Argungu don wani ya tauye mudu? Manzon Allah (SAW) ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa don kada a cuci Musulmi ta hanyar wasiƙa. Shehu Abdullahi na Gwandu kuwa littafi sukutum ya rubuta, Diya'ul Hukkam, don shiryar da masu mulki da masu hukunci. Abin kunya ne a ce a ƙasar da yake kwance ake tsorata yara da ilmin hukunci.

Uzurin hijabi ma ya faɗi. A Disambar 2017 an hana Firdausi Amasa shiga zauren rantsar da sababbin lauyoyi saboda ta ƙi cire hijabinta. Ta yi tsayin daka, al'umma ta mara mata baya, a Yulin 2018 aka rantsar da ita da hijabinta a kanta. Matar da aka danne wa gado a Birnin Kebbi, wadda kunya ta hana ta buɗe cikinta ga namiji, tana buƙatar irin wannan 'yar.

Hanyar kuwa ba ɓoyayya ba ce. Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da ta Bayero a Kano, da ta Ahmadu Bello a Zariya, duk suna da tsarin da ɗalibi zai haɗa Shari'ar Musulunci da dokokin ƙasa a digiri ɗaya. Shekara 5 ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, sannan shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda ke da hedkwata a Bwari da reshe a Bagauda ta Jihar Kano. Ƙasar Kebbi ba baƙuwa ba ce a wannan tafarki: Mai Shari'a Umaru Atu Kalgo ya hau kujerar Kotun Ƙoli a 1998, Abubakar Malami na Birnin Kebbi, wanda ya yi digirinsa a Sakkwato, ya riƙe muƙamin Ministan Shari'a daga 2015 zuwa 2023. Amma fitattu ƙalilan ba sa isar manoman jiha guda.

Shingen gaskiya yana wani wuri, kuma a nan ya kamata masu wa'azi su ɗaga murya. Mafi yawan jami'o'i suna neman kiredit a Turanci da adabin Turanci, kuma gurbin da ake ba kowace jami'a ƙayyadadde ne. Yaron da makarantarsa ba ta da malamin adabi, an rufe masa ƙofa tun yana sakandare, bai ma sani ba. Wanda ya tsallake wannan kuma sai ya ci karo da kuɗin rajista, da na littattafai, da na Makarantar Horar da Lauyoyi. Attajirin da ke zuwa Umra kowace shekara, me zai rage masa in ya ɗauki nauyin yaro ɗaya har ya gama? Hukumar da ke iya ƙawata Matan Fada don bikin kamun kifi, me zai gagare ta wajen tura malamin adabi kowace sakandare? Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin noman shinkafa a Birnin Kebbi a 2015, manoma nawa suka dangwala yatsa a kan takardar da ba su san abin da ke cikinta ba?

Su ma ɗaliban ba za a ƙyale su ba. Wanda ya shiga sashen Shari'a don kawai ya fi sauƙin samun gurbi, ya yi shekara 5 yana gudun Larabci, ya fito bai iya buɗe Risala ba, wannan ya ci amanar iyayensa, ya kuma ba masu fatawar bakin titi hujja. Abin da ake nema shi ne lauyan da zai karanta nassin fiƙihu a gaban ƙadi da safe, ya karanta sashen tsarin mulki a Babbar Kotu da rana, kuma ya ƙi karɓar ƙarar da ya san ta zalunci ce ko nawa aka ba shi.

Tsaya wa wanda aka zalunta farilla ce a kan al'umma, in wasu ba su ɗauke ba kowa ya shiga laifi. Ba a fafe gora ranar tafiya: yaron da aka tura bana, sai bayan shekara 6 zai iya tsayawa gaban alƙali. Wanda ya hana shi yau, kada ya zo gobe yana kukan an ƙwace gonar maraya. Allah ya sa a gane.