Goge manhaja ba ya goge tarihin bashi

Matasa da yawa kan ci bashi a manhajar lamuni, su biya, su goge ta. Amma masu ba da lamuni kan tura bayanai da lambar BVN zuwa kamfanonin tarihin bashi irin su CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Idan ba a sabunta ba, bashin da aka biya zai ci gaba da nunawa, banki ya hana sabon lamuni.

Dokar 2017 ta ba kowa rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara. Wanda ya ga kuskure ya aika ƙorafi da rasit. In aka yi shiru, ya kai wa CBN. Biyan masu "wanke suna" asara ce: kuskure ake gyarawa, bashin gaskiya sai biya.