Littafi bakwai, mai zane guda

Duk wanda ya zauna bencin lise ya ji sunan Marcel Proust, ko da bai kai shafi na goma na littafinsa ba. Labarin nasa, À la recherche du temps perdu, juzu'i bakwai ne, shafi wajen 3000, an buga su tsakanin 1913 da 1927. Jimla guda takan cinye rabin shafi kafin ta ga aya.

Wannan dutse ne wani Bafaranshe, Stéphane Heuet, ya ɗaura niyyar mayarwa labari cikin zane, abin da ƴan lakwal ke kira bande dessinée. Ba malamin adabi ba ne. Tsohon sojan ruwa ne da ya koma aikin talla, son littafin kawai ya ja shi. A 1998 kamfanin Delcourt ya fitar da kashin farko, Combray, sai wani mai sharhi a jaridar Le Figaro ya zarge shi da kashe Proust. Masu saye ba su saurare shi ba, har aka fassara aikin zuwa harsuna da dama.

Wuyar aikin tana wajen yanka. Inda Proust ya ɓata shafuka yana bayanin yadda ɗanɗanon ɗan kek da aka tsoma cikin shayi ya dawo masa da ƙuruciyarsa, mai zane ƴan hotuna gare shi. Heuet yakan bar kalmomin mawallafin cikin akwati bisa hoton, amma a datse. Tufafi, tituna da cocin garin Illiers kuwa sai ya bincika ya zana su filla-filla. Akwai hasara, babu gardama: fuskar da kowane mai karatu ya ƙaga wa Swann a zuci, yanzu an yanke masa ita. Amma wanda a da ya ajiye littafin don gajiya ya samu ƙofar shiga, kuma wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Abin da ya ba shi damar sayarwa shari'a ce, ba gwaninta kaɗai ba. Proust ya rasu a 1922, kuma a 1987 haƙƙin mallakar littafin ya ƙare, ya zama na kowa. Masoyan Harry Potter, shi ma juzu'i bakwai, ba su da wannan sa'a: suna zana nasu su baza kyauta a intanet, amma kasuwa ta haramta gare su sai da izini. A 2008 wata kotun New York ta hana buga ƙamus ɗin labarin da wani masoyi ya tsara, balle labarin kansa.

Saura lokaci, wanda shi ne jigon littafin ma. Daga 1998 zuwa 2021 juzu'i biyu na farko Heuet ya kammala, saura biyar. An haife shi a 1957.